Saƙonnin Baba Bulus da Suka Maƙale a Sabuwar Wayar Ofis

Zuwa ga Babban Manaja,
Ƙungiyarmu ta Manoman Citta,
Hedikwata, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan hedikwata. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara taimako.

Sunana Rifkatu Yakubu, 'yar Fadan Kagoma. Ni ce mai karɓar waya a reshenmu na Kafanchan, kuma a kan wannan kujera furfura ta same ni. Mun taɓa gaisawa sau ɗaya da ka zo rabon iri, ba na jin za ka tuna. Abin da ya sa na rubuto maka a fili shi ne, sau biyu na kai kukana ta cikin sabuwar manhajar da kuka kawo mana, a wurin da aka ware don ƙorafi. Sau biyun, abin da ya dawo mini lambar shaidar ƙorafi ce da godiya da Turanci. Har yau ba wanda ya neme ni.

Ka yi haƙuri in fara da yadda muke a da, domin waɗanda suka zaɓo mana wannan tsari ba su ga lokacin ba.

Sa'ad da aka ɗauke ni aiki, ofishinmu ɗaki biyu ne kusa da tashar jirgin ƙasa. Waya ɗaya gare mu, baƙa, mai igiya, wadda ake juya lambobinta da yatsa. In jirgi ya shigo sai in toshe kunne ɗaya, in ce wa mai magana ya dakata har jirgin ya wuce. Marigayi Mista Ayuba, manajan reshe na wancan lokaci, ya koya mini abu guda tun makon farko: kada in tambayi mutum abin da ya kawo shi sai na tambayi gidansa. Da wannan na yi aiki duk shekarun nan.

Da wayar hannu ta zo, ƙungiya ta saya mana ƙarama mai tocila. Lambarta ta shiga ƙauyuka fiye da kowace takardar sanarwa da muka taɓa bugawa. Na gan ta a rubuce da gawayi a bangon rumbu, na gan ta a bayan littafin waƙoƙin sujada, na gan ta a ƙofar shagunan Hausawa masu sayen citta a kasuwa. Manoma suka sa mini suna Maman Ofis. Yawancinsu ba su da katin da za su yi doguwar magana, sai su yi filashin, ni kuma in kira su. Na san muryoyinsu kafin su faɗi suna. Na san wanda sai ya hau tudun bayan makarantar firamare yake samun sabis, don haka in ya kira ba na tsayar da shi a rana. Wani ya yi mini Hausa, wani ya gauraya da Jaba, wata ta yi yarenmu na Kagoma, matasa su yi Turancin buroka, duk mu fahimci juna. Akwai wata tsohuwa a Godogodo da takan kira duk bayan girbi, ba don komai ba sai ta gaya mini buhu nawa Allah ya ba ta, in taya ta murna.

Bara aka turo mana mutanen wani kamfani. Suka ce daga yanzu wayar ofis ba a kan tebur take ba, tana can cikin intanet, a wurin da suke kira gajimare. Aka ba ni kwamfuta da abin sawa a kunne, aka mayar da tsohuwar lambarmu cikin sabon tsarin. Aka kuma kafa doka cewa kada ma'aikaci ya ba manomi lambarsa ta kansa, domin kowane kira ya bi ta manhaja a sami shaidarsa.

Ba zan yi ƙarya ba, abin yana da amfaninsa. Manajan reshenmu ya huta da hawa mota zuwa Kaduna don taron awa biyu, yanzu daga kujerarsa yake ganin fuskokinku. Takardar da a da take kwana da kwanaki a hanya, yanzu kafin in tashi daga zaune ta iso. Na koyi abin da aka koya mini, ban ce na tsufa ba. Amma ga inda ciwon yake.

Na ɗaya. Yanzu na'ura ce ke ɗaukar kira, kuma tun ƙarar farko take ɗauka. Ma'ana, filashin ya mutu. Manomi ya danna da niyyar ya yanke, kafin ya cire yatsa an ɗauka, kati ya fara tafiya. Sai muryar wata mace ta fara jero masa da Turanci: danna ɗaya don kaza, danna biyu don kaza. Hausa tana can ƙarshe. Kafin ya iso gare ta ɗan katin da ya sa ya ƙare.

Na biyu. Wanda ya jure ya wuce na'urar, ba lallai ne ya same ni ba. An haɗa kiran dukan rassa a layi ɗaya, duk ma'aikacin da hannunsa ke sake shi zai ɗauka. Sai manomi daga Godogodo ya faɗa hannun wani a Kaduna, abu na farko da za a tambaye shi lambar rajistarsa. Ranka ya daɗe, mutanenmu ba su haddace lambar rajista ba. Sunan ubansu da na ƙauyensu suka sani, kuma da su muka riƙa gane su. Ban ga laifin ma'aikatan ba, abin da allo ya nuna musu suke bi.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Kusan kowane mako kamfanin nan yana aiko da labarin an sabunta manhaja, an ƙara wannan, an kyautata wancan. In na buɗe kwamfuta da safe sai in ga maɓallin da na bari a hagu ya koma dama. A tsakiyar daminar da ta wuce, ɗaya daga cikin waɗannan sabunce-sabunce ya ɗauke saƙonnin murya da manoma ke bari in ba su sami ma'aikaci ba, ya kai su wani wuri da sai da izinin hedikwata ake buɗewa. Daga baya aka nuna mini cewa an sanar, a layin ƙarshe na wata doguwar wasiƙar Turanci. Ni dai kullum ina duba akwatin saƙo ina ganin ba komai, har ina cewa aikin gona ne ya riƙe mutane. Mako uku aka yi a haka, sai ranar da wata ma'aikaciyarku take gyara mini wani abu dabam ta buɗe mini izinin. Saƙonni suka zubo.

Biyar daga cikinsu na Baba Bulus ne, dattijo daga Nok, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shiga wannan ƙungiya. Dattijon ikilisiya ne, ya haura saba'in, gwiwa tana damunsa, ba ya iya doguwar tafiya a kan babur. A saƙon farko ya gaishe da muryar na'urar kamar yadda ake gaishe da mutum. Ya ce: "Sannu da aiki, 'yata. Ki gaya wa Maman Ofis, Bulus na Nok ne. Citta na ganyen shi yana yi ja daga ƙasa. Ta turo mini malamin gona." A na uku ya ce abin ya cinye gefen rafi duka. Na biyar gajere ne. Ya ce: "Maman Ofis, in na yi miki wani laifi ki gafarta mini. Ba zan dame ki kuma ba."

Na cire abin kunnen na ajiye, na kasa ci gaba da aiki a ranar.

Washegari ni da Malam Idi, malamin gonarmu, muka hau motar Kwoi, daga can muka ɗauki babur zuwa Nok. Muka tarar da gonar ta kwanta. Malam Idi ya tumɓuke gindi ɗaya, cittar ta narke masa a hannu, tana wari. Ya gaya mini gaskiya cewa cutar tana da ƙarfi, ko da ya zo a ranar farko ba zai yi alkawarin ceton gonar duka ba. Amma ya ce da an cire waɗanda suka kamu, an yi feshi, an buɗe wa ruwa hanya, da wuya a rasa ko irin shuka na baɗi. Yanzu ko iri babu.

Baba Bulus bai yi mana faɗa ba. Ya sa aka fito mana da kujeru gindin mangwaro, matarsa ta kawo kunu. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa saƙonninsa ba su iso gare ni ba sai jiya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "To yarinyan nan da yake ɗauka, wanda nake gaishe shi ba ya amsawa fa?" Na ce masa ba mutum ba ce, murya ce aka naɗa. Ya juya ya kalli gonar. Ya ce: "Ashe da bango nake magana."

Kafin mu taso na ba shi lambata ta kaina. Na san na karya doka, kuma ina faɗa da bakina don kada ka ji a wani wuri. In akwai hukunci, na karɓa.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. A gyara layin manoma yadda zai yi ƙara a teburin reshe tukuna, mutum ya ɗauka, sai in ba kowa sannan na'ura ta shigo. Na tambayi mutanen kamfanin, sun ce manhajar tana iya yin haka, umarninku kawai ake jira. A bar mana hanyar ganin wanda ya yi filashin domin mu kira shi. In dole ne na'ura ta yi magana, ta fara da Hausa, irin wadda ake ji a kasuwar Kafanchan, kuma ta faɗa wa mutum a fili cewa ita na'ura ce. Duk sabuntawar da za ta taɓa kira ko saƙon manoma, wani daga hedikwata ya kira rassa ya yi bayani da baki kafin ta fara aiki, kuma kada a yi ta a tsakiyar damina. Sannan a dubi Baba Bulus da sauran waɗanda saƙonninsu suka maƙale a waɗannan makonni uku, a sa su a gaba in an zo rabon iri. Na rubuta sunayensu da ƙauyukansu, suna wurina.

Roƙo na ƙarshe, in ka sami dama ka zo da kanka. Ka ajiye babbar wayarka a mota, in ara maka ƙarama da ɗan kati kaɗan, ka tsaya a Nok ka kira ofishinka.

Saura mini kaɗan in yi ritaya, ba kujera nake karewa ba. Wadda za ta gaje ni za ta fi ni iya kwamfuta, ina kuma yi mata fatan alheri. Ina so ne in bar mata mutanen da har yanzu suke da ƙarfin zuciyar kira.

Da na gaya wa Baba Bulus zan rubuto maka, ya ce in gaishe ka, kuma in gaya maka bai fita daga ƙungiya ba. Sai ya tambaye ni ko kai ma irin muryar nan ce da aka naɗa. Na ce masa a'a, kai mutum ne, kana da kunne, kuma za ka amsa. Ina roƙonka kada ka bar ni in zama maƙaryaciya a gaban dattijon nan.

Allah ya ba ka hikimar riƙon wannan jama'a, ya kiyaye ka da iyalinka, ya tsare gonakin manomanmu daga cuta, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.

Wassalam.

Taka cikin ladabi,
Rifkatu Yakubu,
Mai karɓar waya, reshen Kafanchan.