Na Ƙirƙiro Wa Kakana Uba a Takarda

Assalamu alaikum Edita da masu karatu, Allah ya bar zumunci. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya tsine mini ya daure ya karanta har ƙarshe, domin tsinuwar da nake yi wa kaina ma ta isa. Sunayen da zan kawo duk na canza su.

Ni mutumin Mamudo ne, kusa da Potiskum. Mahaifina maƙeri ne, ubansa Dauda maƙeri, uban Dauda ma a bakin zuga-zugi ya mutu. Shekaru kaɗan bayan samun 'yanci na samu aikin buga tafireta a ofishin wani Bature likitan dabbobi, mutumin Ailan. A bangon ofishinsa akwai wata faffaɗar takarda cikin gilashi, an jera sunayen kakanninsa tun daga sama, kowane namiji da sunan matarsa a gefe da gidan da aka ɗauko ta. Mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, idan ka taɓo takardar nan sai ya wuni yana zuba: wannan ya auri 'yar masu fili kaza, filin ya dawo gidansu, wancan ya auri 'yar mai shago, aka daina kiransa biki. Ina jinsa ina dariya a ciki, ashe ciwon zai kama ni.

A lokacin na ga Falmata a unguwar Dogo Tebo, cikin Potiskum. Danginta 'yan kasuwa ne masu asali a Borno, irin gidan da kafin a tambayi aikinka an tambayi wa ya haifi kakanka. Kawunta Modu, wanda auren ke hannunsa, ya aiko mini cewa in kawo salsalar gidanmu. Me zan kai? Guduma da uwar maƙera? Ranar nan na zauna gaban tafireta na kwaikwayi takardar Bature tsaf. Na rubuta cewa Dauda ɗan wani jinin sarauta ne mai suna Maina Kyari, yaƙi ya watsa su daga Borno yana yaro, maƙera suka ɓoye shi ya tashi da sana'arsu. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma tunda ta Bature kowa da matarsa a gefe, sai na ga kamar tawa ba ta cika ba, na ƙara wa Mainan mata, Ya Kolo. Sunayen biyu a bakin fataken shanu na tsince su a kara, inda ake cinikin shanu, suna hirar mutanen da. Wa ya aike ni? A garin nan wa ke kawo sunan mace a salsala?

Kawu Modu ya juya takardar ya sake juyawa. Bugun tafireta a wancan lokacin kamar hatimin gwamnati ne. Ya sa aka karanta wa Kaka, kakar Falmata, tana zaune a tabarma tana jan carbi. Da aka zo kan Ya Kolo sai carbin ya tsaya. Ta ce da Hausarta ta Barebari, "Ya Kolo na Maina Kyari? Na san shi. Wannan mata bai haihu ba." Na ce wataƙila wata ce mai sunan. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "To, wataƙila." Aka ɗaura aure. Babana ya zo, amma ƙarar guduma ta riga ta cinye masa kunne, bai ji rabin abin da ake faɗa ba, ni kuwa na tsare gefensa kamar dogari har ya koma gida.

Shekara takwas ke nan ban huta ba. Kaka ba ta sake tayar da maganar ba, amma duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, "Jikan Maina ya zo," ta yi ɗan murmushi. Girmamawa ce ko ba'a? Ranar nan Falmata ta miƙo mini wuƙar da ta dakushe ta ce, "Malam, kai da abin yake jininka, ɗan wasa mana ita." Wane jini take nufi? Kaka ta gaya mata ne? Idan baƙo ya sauka gidansu daga Borno, ciwon ciki nake ƙirƙira. Idan na iske su suna Barbarci suka yi shiru da shigata, sai in kwana uku ina auna shirun. Ko maƙwabcinmu da ya tambaye ni kuɗin garma a Mamudo, sai da na yi wata ba na amsa masa gaisuwa da kyau, bawan Allah wataƙila garmar kawai yake so.

Yanzu ga inda abin ya kai. Bayan 'yan mata uku, ranar Asabar Allah ya ba mu namiji, suna Asabar mai zuwa. A al'adarmu kakan yaro na wajen uba ne ke zaɓar suna. Babana ya aiko da saƙo tun ranar haihuwa, da sabuwar 'yar wuƙa da ya ƙera da hannunsa, ya ce yaro Dauda ne, shekara takwas yake jiran ya mayar da sunan ubansa. Yau Kawu Modu ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, Dauda suna ne mai kyau. Amma gidan da ke da Maina Kyari, a bar sunansa ya ɓata? Jibi zan shiga mota in je Mamudo in zauna da mahaifinka, in ji labarin gudun nan daga bakinsa. Ka ce kunnensa da nauyi, to muryata da ƙarfi." Yana faɗa yana kallon cikin idona. Ban sani ba ko da zuciya ɗaya yake, ko tarkon da suka daɗe suna haƙawa shi da Kaka ne ya zo rufewa.

Babana bai taɓa jin sunan Maina Kyari ba. Mutum ne da ke lissafa kakanninsa maƙera da yatsu yana alfahari. Gobe kaɗai ta rage mini. In riga Kawu zuwa Mamudo, in durƙusa in ɗaga murya a kunnen tsohon nan, maƙera na ji, in ce masa na ji kunyar gidansa har na saya masa wani kaka, ya taimaka ya amsa ƙaryar a gaban Kawu? Ko in je Dogo Tebo in faɗi gaskiya, alhali Falmata tana can gidansu tana wankan jego, in ba su dalilin riƙe ta da jaririn? Ina son matata, kuma ina jin kunyar ubana fiye da yadda zan iya rubutawa. Na san kafin wasiƙar nan ta fito motar Kawu ta daɗe da tashi, amma ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan ban zarge shi ba.

Jama'a, idan ku ne aka ce ku zaɓi wanda za ku fara kunyatawa, ubanku ko uwar 'ya'yanku, ta ina za ku fara? Ni me zan yi?