Wanda ya sa aka koro ni daga Madina ne zai ba ɗana aiki

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne, ban saba kawo maganar gidana waje ba, amma wannan ta fi ƙarfina.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wata masaƙa a Kaduna, ni ne mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata, abin da ake kira sefti ofisa. Da kasuwa ta fara lalacewa aka rage mu. Mahaifiyata tana da wa a Madina, tun yana yaro ya bi ayarin alhazai ya zauna can har ya zama ɗan ƙasa, shi ya aiko cewa in taho, ana ta gine-gine, masu irin takardata nemansu ake. Na sayar da babur ɗina na tafi, na sauka gidansa a Harra ta Yamma. Da iƙama ta fito, wato takardar zama, sai na ga an rubuta ni lebura, Kawu shi ne kafilina, wato wanda izinin zamana da aikina ke hannunsa, fasfona kuma yana cikin akwatinsa. Na tambaye shi, ya ce in kwantar da hankalina haka ake yi. Kullum in na yi maganar aiki sai ya ce bukra inshallah, wato gobe in Allah ya so, ni kuwa ina nan ina wanke masa mota ina kai yara makaranta.

Yana da ɗa sa'ana, bari in kira shi Fahad. Taubashina ne, a gida da abokin wasana ne, amma wannan ko gaisuwata ba ya amsawa da Hausa. Yana ji sarai, in uwarsa ta zage shi da Hausa ai yana ganewa, amma in ni na yi magana sai ya ɗaga kafaɗa ya amsa da Larabci. Ba karatu ba sana'a, barci har azahar, in ya tashi ya sa farar jallabiya ya feshe jiki da turare ya tafi yawo. A gaban abokansa cewa yake ni mai aikin gidansu ne.

Da na ga zaman ba zai ƙare ba sai na fara nema da kaina. Wani Basudane mai jin Hausa da muke salla tare a unguwar Al-Sih ya kai ni wani kamfanin gini, suka yi min intabiyu da Turanci, suka duba satifiket ɗina, suka ce sun ɗauke ni, saura kafilina ya sake ni. Na dawo da murna na gaya wa Kawu. Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin mudir, wato manajan, ya dawo ya ce an daidaita, Fahad ne zai zama ofisa tunda ɗan ƙasa ne, ni mataimakinsa. Ya ce in ban yarda ba in ci gaba da wankin mota. Na yarda, ya zan yi.

Mutumin da bai san bambancin abin kashe gobarar mai da na wutar lantarki ba, shi ne shugabana. Hular kwano ba ya sawa wai tana ɓata masa rawani. Yana zuwa da hantsi ya zauna cikin mota ya kunna sanyi, ni ina rana ina bin ma'aikata su ɗaura bel kafin su hau sama. In manya za su zo zagaye sai ya fito ya riƙa yi wa leburori tsawa yana nuna abin da na riga na gyara. Duk wannan na haɗiye, don aikin nake so kuma ina aika wa uwata abin da ya samu.

Ranar da abin ya faru, za a shafa wa wani tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa fenti mai ƙarfin wari. Na ce kada kowa ya shiga sai an kawo fankar da za ta tura iska ciki. Mudir yana gaggawa, ya kira Fahad, Fahad kuwa bai taɓa iya ce wa mai muƙami a'a ba. Sai ya aike ni wani wurin aikin kamfanin in karɓo kaya, ina juya baya ya tura mutum biyu. Na dawo na tarar an zaro su da igiya. Ɗaya ya farfaɗo. Ɗayan, Malam Isufu mutumin Tawa, mai 'ya'ya ƙanana a gida, bai tashi ba.

A wurin 'yan sanda Larabcina bai kai in kare kaina ba, sai Kawu ya ce shi zai yi tafinta. Ina ba da labari yana juyawa, ina ta jin daɗi ɗan'uwan uwata ya tsaya min. Sai da Basudanen nan ya zo duba ni a tsare ya gaya min abin da Kawu ya faɗa musu, wai na amsa cewa ni na ba da izini na tafi. Da Kawu ya zo da ledar dabino na tambaye shi, ko idonsa bai kawar ba ya ce, “Kai dama baƙo ne, gida za ka koma. Fahad nan ne ƙasarsa, ina zai je?” Fahad ko leƙo ni bai yi ba. Aka sa ni a jirgi da kayan jikina. Uwata har ta rasu ban gaya mata ba, don tana ganin wanta kamar waliyyi.

Na sake gina rayuwata a Kaduna, alhamdu lillahi. Kawu ya daɗe da rasuwa. Autana ya karanta irin aikina, ya fi ni takardu, ya gama bautar ƙasa, shekaru yana yawo da fayil ba aiki, yana son aure ba hali. Kwanakin baya sai ga saƙon murya daga Madina, Fahad ne, yanzu yana da kamfaninsa. Ku ji abin mamaki, Hausa yake yi tiryan-tiryan, har da “ɗan'uwana rabin jiki”. Ashe ta wurin 'yan'uwa ya ji labarin yaron, wai yana neman sefti ofisa mai amana, jini ya fi bare, zai aiko biza. Ko kalma ɗaya a kan Malam Isufu babu, ban haƙuri babu. Har yana dariya yana cewa in tuna lokacin da yake koya min aiki. Shi! Wallahi sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Na zaunar da yaron na gaya masa komai. Ya saurara, ya ce Baba zamani ya canza, dokoki sun canza, shi yana jin Larabci ba mai yi masa tafinta. Uwar yaron ta ce ina hukunta ɗana da laifin wani. Ni kuma na ce mutumin da ya tura bawan Allah rami don kada mudir ya ɓata rai, tsufa ba ya sa masa ƙashin baya, ranar da wani abu ya faru a wurin aikinsa zai waiga ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma ya san ɗan wa ya fi sauƙi. Amma gaskiya ni ba ni da wani aikin da zan ba yaron.

Jiya bayan la'asar ya same ni ya durƙusa ya ce, “Baba ba zan tafi ba sai ka sa albarka. Amma in na zauna, ka sani kai ka zaunar da ni.” Ya tashi ya shiga ɗaki.

To jama'a, in sa masa albarka in miƙa shi hannun mutumin da ko gaisuwarsa ba na son ji, ko in hana in riƙa kallonsa yana tsufa a ɗakin ƙofar gida? Wanda yake da ɗa ya gaya min abin da zai yi. Allah ya saka da alheri.