Injin Huda Ƙarfe a Maƙerar Kaka

Azare, farkon Sha'aban

Zuwa ga jikana Najmuddeen, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Da hannuna na rubuta, kada ka yi wa baƙaƙen dariya, malaminmu na ajin dare ma bai yi ba. Waya kuwa ka san guduma ta cinye mini kunne.

Abokina, albishirinka! Ka tuna ranar da ka saɓa jaka ka ce da akwai injin huda ƙarfe a maƙerar nan da ba inda za ka? To, akwai shi. Na saya a wurin Christopher mai kayan gyaran mota. Na ubansa ne, ya girmi mahaifinka marigayi. Kore ne, ya kai kafaɗata, ƙarti suka sauke shi daga amalanke suna nishi. Bijimin noma na sayar, ban yi nadama ba. Da aka kunna, ya huda bakin garma kamar kabewa. Manoman Bulkachuwa sun huta da kai garmunansu wani gari. Bakin injin yana ɗan rawa in yana juyawa, amma ba komai.

Kakarka Ya Gana har guɗa ta yi. Ta ce in ka dawo za ta bar ni ta koma wurinka. Na ce na yafe maka ita, in dai za ka zauna. Ka zo, maƙerar nan ba ta da kowa bayana sai kai.

Wassalam. Kakanka, Abdulsamad Maƙeri.

Kaduna, tsakiyar Sha'aban

Kaka, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, a gaishe mini da amaryata.

Tsoho, ashe da gaske kake! Na karanta wa abokan aikina, suka ce irin wannan injin ba ya mutuwa. Ga gaskiyar magana: ogana zai koma Fatakwal bayan Salla, yana so in bi shi. Na ce ya jira in zo gida. In injin yana aiki, ba zan bi shi ba.

Rawar da ka ce, sandar da ke juya bakin ce ta ɗan lanƙwashe. Akwai masu daidaita ta a nan, a sanyi, da ma'auni. Don Allah, Kaka, na san halinka. Wannan ba fartanya ba ce. Kada wuta ta kusance ta.

Jikanka, Najmuddeen.

Azare, ƙarshen Sha'aban

Najmuddeen, assalamu alaikum. Muna lafiya, gwargwado.

Direban da ka ba takarda motarsa ta lalace a hanya, sai jiya ya kawo. Ya makara.

Ban so ka zo ka tarar da shi yana rawa ka ce tsoho ya sayo maka gurgu. Na kwance sandar, na duba ta da ido ɗaya, na ga inda ta karkace. Tun ina yaro abin da ya karkace wuta nake kai shi. Na hura gawayi, ta yi ja, na ɗora ta a uwar maƙera. Wallahi a hankali na buga, kamar ina lallashin jariri. Na tsoma ta a ruwa. A ido ta miƙe sarai.

Ta ƙi komawa gidanta a jikin injin. Da na matsa da guduma, sai na ji ƙas. Ta tsage.

Christopher ya zo, ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Baba, me ya sa ba ka kira ni ba? Kamfanin da ya yi wannan ya rufe tun ina makaranta." Na ce ya yi magana da ƙarfi, ba na ji. Alhali na ji.

Ga sandar nan na ba direba a cikin tsumma. Ka nuna wa mutanenka.

Kakanka.

Azare, cikin azumi

Ɗana Najmuddeen, goggonka Husaina ce. Ina gaishe ka da ibada.

Baba bai san na rubuto ba. Tun da abin nan ya faru bai hura wuta ba. Da safe sai ya goge injin da mai, ya kunna, ya zauna yana kallon bel yana juyawa ba abin da yake juyawa da shi. Wani manomi ya zo daga Dagauda da garma, Baba ya ce masa ya dawo bayan Salla, jikansa zai zo. Inna ta tsokane shi da zancen angonta, ko murmushi bai yi ba. In da hali ka zo, ko da sandar ko babu.

Allah ya yi maka albarka.

Kaduna, goman ƙarshe

Kaka, barka da shan ruwa.

Na zaga da sandar ko'ina, har Kano na aika. Duk wanda ya karɓa sai ya juya ta ya tambayi wa ya gasa ta. Masu sassaƙa ƙarfe sun ce za su iya yin sabuwa da sun sami awon ta asali, amma guduma ta ɓata awon. In aka yi da ka, rawar za ta fi ta da.

Kaka, da ƙarfen huji da guduma ba zan iya riƙe gida ba, kai ma ka sani. Oga ya matso da tafiyar, jibi za mu tashi. Ba fushi na yi ba. Ka yafe mini. Ka riƙe amaryata amana.

Najmuddeen.

Azare, bayan Salla

Abokina, assalamu alaikum. Allah ya sa kun sauka lafiya.

Ba abin da ka yi mini. Injin na lulluɓe shi da tabarma, Christopher ya ce masu gwangwan za su saya, na ce a bar shi tukuna.

Mutumin Dagauda ya dawo, ya tambaye ka. Na hura wuta na huda masa garmar da hannu, yadda ubana ya koya mini. Ramukan ba su hau daidai ba, noti ya ƙi shiga. Ya karɓa ya yi godiya, ya tafi da ita wani wuri. Hannun ne ya fara rawa, Najmuddeen.

Kakarka tana gaishe ka. In ka sami direban da ke zuwa nan daga can, ka rubuto da manyan baƙaƙe.

Wassalam. Abdulsamad.