Tururin da Haris Ya Kira Gobara

Al-Sulay, Riyad
27 ga Janairu, 2016

Zuwa ga aminina Malam Muzammil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Safiyya da yara. Ya karatu, ya sanyin unguwarku ta Al-Shifa? Jikina lafiya, amma raina a ɓace yake.

Ka san ni. A aji uku na sakandare na tsaya. Da kallo na koyi gyaran firij a Gumel, ni na kawo kaina ƙasar nan, shekara tara ina hawa rufin mutane cikin zafin da ke narka takalmi. Ba wanda ya riƙe min hannu. Yau ni za a ce ban san aikina ba?

Da sanyi ya shigo, na shawo kan kafil, ubangidan da ya tsaya min a ƙasar nan, ya bari na sa esi mai zafi da sanyi a ɗakuna goma sha biyu na masaukin ma'aikata, don a daina kunna gawayi. Aka yi ta min dariya, wai ina esi zai samo zafi a iskar da ke daskarar da yatsu. Na ce su taɓa bayan firij. Firij zafin cikinsa yake kwasowa ya zubar waje. Wannan kuma ɗumin waje yake tattarowa ya shigo da shi, don iska mai sanyi ma ba ta rasa ɗan ɗumi. Sati uku suna barci da bargo ɗaya, ko sannu ban samu ba.

Ranar Asabar da safe ina aiki a unguwar Al-Nasiriya, sai haris, mai gadin masaukinmu, ya ga tururi na tashi daga injin esi na waje, ruwa na zuba. Ƙanƙarar da ta taru a jikinsa yake narkarwa, minti biyar ya koma aiki, haka aka ƙera shi. Shi kuwa sai ihun gobara! Ya kashe wutar duka, ya gaya wa manaja injinan Inuwa na kamawa. Aka hana ni taɓa su. Mutane suka koma gawayi, ƙofa a rufe. Moussa magini, mutumin Maraɗi, hayaƙin gawayi ya shaƙa, a sume aka kai shi asibiti. Ya farfaɗo, alhamdulillahi. Laifina ɗaya, ban taɓa gaya wa haris zancen tururin ba, kuma abin yana cina.

Jiya aka kawo injiniya mai takarda. Ya zagaya, ya ɗaga makunni, injina suka tashi, shi ke nan. Wallahi ko noti ɗaya bai kwance ba.

Na ji kai manaja ya ba wa aikin rubuta rahoto da Larabci, kuma so yake a ce injiniya ya gyara ɓarnar wani lebura. Da wannan takarda kafil zai yanke hukunci ranar Alhamis, a sabunta iƙamata, wato takardar zamana, ko a buga min fita daga ƙasar.

Ban ce ka yabe ni ba. Sakacina da haris ma ka rubuta, na ɗauka. Amma inda za a faɗi wanda ya sa injinan da aka tarar lafiya lau, ka sa sunana cikakke, da na mahaifina, kamar yadda yake a ƙasan wasiƙar nan.

Ka gaida Safiyya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Inuwa Kyauta Gumel