Rumman Bai Karɓe Ni Ba

Zuwa ga Gwaggona da ta rene ni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon ƙafar nan ya sake ki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan kowa lafiya, sai Mama da hawan jininta, shi ma da sauƙi.

Maganar rumman ce ta sa na ɗauki biro. A asibitin da nake kai Mama, wata likita tana bincike kan yadda jikin mutane ke sarrafa sinadaran 'ya'yan itace. Ta sa mu ciki, ni da Mama da Auta: mu riƙa cin rumman kullum, daga baya a gwada fitsarinmu. Ni ce mai zuwa kasuwa, ni ce mai ɓarewa, har farcena ya yi baƙi, masu kawo mini ɗinki suna tsokanata wai na koma rini. Ban taɓa tsallake rana ba. Auta kuwa sai na bi ta ɗaki da faranti, tana yatsina fuska wai tsami.

Da sakamako ya fito, likita ta ce akwai ƙananan halittu a hanji masu juya sinadarin rumman ya zama wani abu da jini ke ɗauka. Wasu mutane suna da su, wasu babu. Na Mama da na Auta sun yi aikinsu, iri ɗaya sak. Ni kuwa ba a ga komai ba. Ta ce ba cuta ba ce, kuma ba a gama gano dalili ba, amma mai yiwuwa abincin da mutum ya tashi da shi da gidan da ya girma suna da hannu.

Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba, kishi ya turnuƙe ni. Mama ta yi dariya ta dafa kafaɗar Auta, ta ce ai wannan har hanjinta ta ɗauko. Na san ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma Auta ta ɗauki hancin Mama, ta ɗauki muryarta, ta tashi a cinyarta lokacin da nake can wurinki. Na dawo na rungumi hidimar gidan ko zan samu gurbi, ashe har can ciki an riga ni. Yanzu in na ajiye musu farantin, ji nake kamar 'yar aikin gidan.

Ga roƙona. In akwai inda ake irin wannan gwaji a wurinku, ki ci rumman ki je a duba ki. Allah ya sani ba na miki fatan rasa wani alheri. Amma in aka ce ke ma ba a ga komai ba, ki sanar da ni kafin kowa. So nake in ji cewa ni ma akwai wadda na ɗauko.

Ki gaida mini Baba da matar Yaya da jikoki. Mama da Auta suna gaishe ki, ba su san abin da na rubuta ba.

Taki har kullum,
'yar da kika goya