Na Haye Kogin Da Kuka Ce Ba Ya Hayuwa

Na haye! Wallahi na haye kogin! Jiya Talata, tsakanin azahar da la'asar, ni da kaina na shiga kwalekwalen da jaridarku ta ce babu mai iya shiga.

Af, murna ta sa na manta da gaisuwa, alhali a kan gaisuwar na ɗauki biro.

Zuwa ga Edita, ranka ya daɗe, da kuma matashin da ke yi muku sharhin wasannin waya, wanda zan kira ɗana. Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya iyali, yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara basira.

Sunana Malam Sale, manomi ne ni a Sabon Garin Wudil. Ni ne kakan Hafsatu, wadda ita da abokan karatunta biyu suka shirya wasan nan mai suna Saƙon Gwaggo. Ga wanda bai san shi ba, labari ne a cikin waya: kai ne saurayin da aka aika da saƙo wurin gwaggonsa a tsallaken kogi. Kana tafe kana gamuwa da mutane, suna yi maka magana a rubuce da Hausa, kai kuma kana zaɓar amsa.

Makon jiya kuka buga sharhi a kansa. Ɗana ya yaba zane, ya yaba ƙarar ruwa, na gode masa. Sannan ya ce rubutu ya yi yawa, shi dai danna “wuce” ya yi ta yi. Ya ce da ya isa bakin kogi mai fito ya juya masa baya, wasa ya tsaya cik, saboda haka a lalace yake. Ga ƙorafina.

Na farko, wasan lafiyarsa ƙalau. Mai fito ya juya baya ne don ba a gaishe shi ba. Ni da na isa wurinsa na yi sallama, ya tambaye ni gida na amsa, na tambaye shi ruwa da gajiya. Can cikin gaisuwa sai ya ambata cewa ƙafar matarsa ta kumbura. Amsa uku suka fito: ka ce kana sauri, ka yi shiru, ko ka tambayi jikinta. Na tambaya, na yi mata addu'a. Sai kawai dattijo ya miƙe ya kwance igiya. Ɗana, ko a bakin kogin gaske ne, mutum yana gaya maka iyalinsa ba lafiya kana ce masa wuce, wa zai ɗauke ka?

Na biyu, zancen yawan rubutu. Ni sai da na haura hamsin na shiga ajin manya na bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare, gwiwa ba ta shiga ƙarƙashin tebur. Tun da na iya boko, yawancin abin da ke zuwa hannuna gajere ne: allon shago, takardar magani, jikin buhun taki. Wannan ne karo na farko da aka ba ni doguwar magana irin tamu, kuma tana jira na har in gama haɗa baƙi. Kwana tara na yi kafin in kai kogi. Da farko yatsana ne ke bin layi, sai shafi ya yi ta tsalle. Hafsatu ta zaro mini tsinken tsintsiya, tana tsokanata wai angon nata ya tsufa. Da tsinken nan da tabarau na karanta komai, ban bar ko “lafiya lau” ɗaya ba. Inda ɗana ya ce baƙaƙen sun yi ƙanana, gaskiyarsa ce, ni ma na gaya mata.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Maganar mai fiton nan ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, don fito ya yi duk rayuwarsa. A zaure yarinyar ta zaunar da ni, ina tuno yadda yake gaisawa da matafiya tana rubutawa. Tun da sharhinku ya fito, abokan aikinta biyu suka ce ranar Asabar za a cire gaisuwar gaba ɗaya, kwalekwale ya riƙa ɗaukar kowa ba magana. Su biyu ne, ita ɗaya. Jiya da kwalekwale ya tashi na yi kabbara, Hafsatu ta fito da gudu, ta ɗauka wayar na yar. Da ta ga kwalekwale a tsakiyar ruwa sai ta durƙusa tana dariya da hawaye. Amma ta ce muddin jarida na cewa wasa a lalace yake, ba za su saurare ta ba.

Roƙona kaɗan ne. Ɗana ya koma bakin kogi ya gaida dattijon nan a natse. In ya haye bai ji daɗi ba, ya rubuta haka, ra'ayinsa ne. Amma kalmar “a lalace” ku janye ta kafin Asabar. Allah ya yi wa aikinku albarka, ya raya muku zuriya, ya ba ku jikokin da za su faranta muku kamar tawa. Wassalamu alaikum.

Saura abu ɗaya. Na tsaya a tsallake, ban kai saƙon ba tukuna. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan ƙarasa gidan gwaggo, a zaurena, ina karantawa da ƙarfi. 'Yan ajinmu na da, mutanen Lajawa da Achika da suka shigo kasuwa, Edita da mai sharhi, duk ku zo ku gani. Akwai tabarma, akwai kifi. Sai dai duk wanda ya zo, ya tsaya a gaisa tukuna.