Kwalbar Magani a Ɗakin Kwamfuta

Litinin, 4 ga wata

Ni dai so nake wani ya faɗa min ko kwalbar magani tana iya kashe kwamfuta. Ban iya rubutu ba, wayar nan nake faɗa wa.

Likita ya ce maganin yarinyata sai a sanyi, mu kuma ba firiji. A ofis ɗin da nake shara akwai ɗakin babbar kwamfuta, sanyi har ƙashi. An hana shiga da ko ruwan sha. Na ɓoye kwalbar a bayan injin. Yarinyar tana bakin get wajen matar mai gadi, in lokaci ya yi in fita in ba ta, in mayar. Tun ranar injin ke tsayawa kowace safiya. Kwalbar kuma tana gumi, na gani da idona.

Talata, 5 ga wata

Injiniya mai kula da injin ko abinci bai ci ba. Ina goge teburinsa ya ce, "Ƙanwata, sannu da aiki." Wai in injin ya tsaya akwai lambar da yake nunawa. Ita yake kwafa ya nema a rumbun kamfanin da ya ƙera shi, inda ake tara duk cutar da ta taɓa kama irinsa da maganinta. Ya nema ya nema, babu.

Ina zai samu? Maganin tari a bayan inji, wa ya taɓa rubuta wannan?

Laraba, 6 ga wata

Manaja ya yi wa Injiniya tatas a gaban kowa. Ina riƙe da bokiti. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhamis, 7 ga wata

Na yi niyyar ɗauke kwalbar, wallahi na yi. Na taɓa goshin yarinyar, da sauran zafi. Na mayar. Da Injiniya ya wuce ni a baranda sai na durƙusa kamar ina kankare wani abu.

Juma'a, 8 ga wata

Da sassafe na samu Anti, shugabar masu shara, na zazzage mata duka. Ta ce, "Ke kam kin kashe kanki." Ta karɓe makullin ɗakin.

Kafin azahar Injiniya ya fito yana dariya shi kaɗai. Ya samu. Wai maganin yana nan a rumbun, da wata lamba daban aka ajiye shi. Sabon abin da kamfanin ya sa wa injin ne ya zo da cutar, gyaran ma sun fitar tuni. Ba kwalba ba ce.

Da a ce na yi shiru rabin yini... to, bari dai.

Anti ba ta riƙe magana, Manaja zai ji. Ban san ko ina da aiki ranar Litinin ba. Ita don tsoro na faɗa mata. Shi kuwa Injiniya ba wanda ya sa ni. Bayan na san ba ni ba ce, na bi shi har bakin mota da yarinya a baya, na faɗa masa.